Sanata Ahmad Ibrahim Lawan

An haifi Ahmad Ibrahim Lawan a shekarar 1959, ɗan Gashuwa ne a Jihar Yobe. Ya shiga Majalisar Wakilai a 1999, ya koma Majalisar Dattawa a 2007 yana wakiltar Yobe ta Arewa.

A 2015 jam'iyyar APC ta so ya shugabanci majalisar, amma Bukola Saraki ya sha gabansa. Sai a 2019 ya samu kujerar, inda ya kayar da Ali Ndume da ƙuri'a 79 da 28.

Aƙidarsa ita ce majalisa ta yi aiki kafaɗa da kafaɗa da ɓangaren zartarwa. A zamaninsa aka maido da kasafin kuɗi kan tsarin Janairu zuwa Disamba, aka zartar da dokar man fetur ta 2021, wadda ta shafe shekaru tana jan ƙafa. Masu suka kuwa sun kira majalisar tasa 'yar amshin shata, musamman kan yadda take amincewa da buƙatun ciyo bashi na gwamnatin Buhari.

A 2023 Kotun Ƙoli ta ba shi takarar Yobe ta Arewa a kan Bashir Machina, hukuncin da ya jawo ce-ce-ku-ce.