Bugatti da Gumin Masaƙa

A ranar 7 ga Maris, 1977, wasu 'yan ƙungiyar ƙwadago suka kutsa cikin wata tsohuwar masaƙa a garin Mulhouse da ke yankin Alsace, gabashin Faransa. Sun jima suna jin raɗe-raɗin cewa iyayen gidansu na ɓoye motoci a ciki. Abin da suka tarar ya wuce duk yadda ake faɗa: motoci sama da 400 a jere, kowace tana ƙyalli kamar jiya aka ƙera ta, cikin wani makeken zaure mai faɗin murabba'in mita kusan 17,000, ga ɗaruruwan fitilu da aka kwaikwayo daga na wata shahararriyar gada a birnin Faris. Su kuwa masu kallon, watanni kaɗan ke nan da aka ce musu kamfani ya karye, kowa ya kama gabansa.

Iyayen gidan nasu wa ne da ƙane, Hans da Fritz Schlumpf, 'yan ƙasar Suwizalan da aka haifa a Italiya, suka tashi a Mulhouse, garin mahaifiyarsu Jeanne. Da harkar zaren ulu suka yi arziki. Hans, babban, shi ne mai riƙe da lissafi. Fritz shi ne mai zafin nama, kuma shi cutar mota ta kama. A 1957 mahaifiyar ta rasu, a shekarar ce kuma suka sayi masaƙar nan ta Mulhouse. Daga baya Fritz ya sadaukar mata da ɗakin motocin, har ya kafa hotonta a mashigarsa.

Me ya sa Bugatti ce ta fi tsaya masa a rai? Masana'antar da Ettore Bugatti ya kafa a 1909 tana Molsheim, a yankinsu na Alsace, saboda haka motar gida ce. Ga kuma ƙaranci, wanda shi ne gishirin wannan sha'awa: duk tsawon rayuwar kamfanin na asali, motocin da ya ƙera kusan 8,000 ne kacal. Ƙirar Type 35 ta lashe tseren Targa Florio na tsibirin Sisili shekara biyar a jere, daga 1925 zuwa 1929. Ɗan Ettore, Jean, wanda ya zana mafi kyawun motocin gidan, ya mutu a 1939 yana gwajin mota, uban ya bi shi a 1947, kamfanin ya durƙushe. Mai sayen tsohuwar Bugatti ya san abin da ya riƙe ba za a sake yin irinsa ba.

A farkon shekarun 1960 ba kowa ya fahimci haka ba, tsofaffin motoci suna da araha. Fritz ya dinga aika wasiƙu ga masu Bugatti a ƙasashe daban-daban yana taya motocinsu. A 1963 ya kwashe abin da ya rage a Molsheim, har da motar hawan Ettore. A 1964 ya sayi Bugatti 30 a lokaci guda daga hannun wani Ba'amurke, John Shakespeare na jihar Illinois, a kan dala 85,000. A jirgin ƙasa aka loda su zuwa gaɓar teku, daga nan jirgin ruwa ya tsallako da su Faransa.

Cinikin nan biyu ne suka ba shi Royale guda biyu, cikin shida da ake da su a duniya. Tsawon Royale ya haura mita 6, nauyinta kusan tan 3, injinta lita 12.7, a goshinta kuma akwai ɗan mutum-mutumin giwa tsaye a kan ƙafafun baya, aikin ƙanen Ettore mai suna Rembrandt. Don sarakuna aka yi ta, amma ta faɗo a zamanin karayar tattalin arzikin 1929, babu sarki ko ɗaya da ya saya. Uku kawai aka sayar. Injinan da suka yi kwantai sai aka saka su a jiragen ƙasan Faransa, su ne ma suka fitar da Ettore kunya.

Sayen mota daban, raya ta daban. Fritz ya keɓe wani sashe na masaƙar, ya tara makanikai da kafintoci da dukawa da masu fenti, mutum kusan 40, ya ɗaure su da alƙawarin rufe baki. Shekara da shekaru suna aiki, in ban da tsirarun baƙi babu wanda ake bari ya leƙa. A daidai wannan lokaci kayan saƙa masu araha daga Asiya suna cinye kasuwar Turai, masaƙun da suka tsira su ne waɗanda suka sabunta injinansu. A ganina nan ne laifin Fritz yake, domin kuɗin da ya kamata su tafi ga injin saƙa sun tafi ga kujerun fata da fitilu.

A 1976 asiri ya tonu. 'Yan'uwan suka ce za su sayar da masaƙunsu a kan faran ɗaya tak, ba a samu mai saye ba. Ma'aikata kusan 2,000 suka rasa abin yi. A Malmerspach, ƙauyen da ɗaya masaƙar take, ma'aikata suka yi wa gidansu ƙawanya na kwanaki, sai da 'yan sanda suka fitar da su, suka tsallaka Basel a Suwizalan. Faransa ta ba da sammacin kama su, amma Suwizalan ba ta miƙa 'yan ƙasarta.

Ranar da ma'aikatan suka shiga zauren, an cinna wa wata tsohuwar Austin 7 wuta don huce haushi. Daga ita ba a ƙara ba, kuma wannan ne abin da ya fi burge ni a labarin. Mutanen da ke da dalilin farfasa komai suka zama masu gadi. Suka raɗa wa wurin suna Gidan Tarihin Ma'aikata, suka buɗe shi ga jama'a kyauta har shekara biyu, mutum kusan 800,000 suka zo kallo.

Masu bin bashi sun so a yi gwanjon motocin ɗaya bayan ɗaya, wanda da an yi da sun watsu a duniya. A 1978 gwamnati ta sanya su cikin kayan tarihin ƙasa, aka hana fitar da su. A 1981 aka sayar da su gaba ɗaya a kan faran miliyan 44 ga wata ƙungiya da ta haɗa hukumomin yankin, aka buɗe gidan tarihin motoci na ƙasa a 1982. Fritz ya yi ta shari'a daga Basel yana cewa an karyar masa da kaya, har kotu ta ba da umarnin a saka sunan Schlumpf a jikin gidan. Hans ya mutu a 1989, Fritz a 1992.

Akwai wasu motoci 62 da hannun masu gyara bai kai gare su ba, suna jibge a wani sito a Malmerspach. A 1999 kotu ta mayar wa matar Fritz, Arlette, da su. Wasunsu sun ƙare a gidan tarihin Peter Mullin a Kalifoniya, inda aka baje su da tsatsarsu da yagaggun kujerunsu, domin a lokacin ra'ayin masu tara motoci ya juya. Fenti kowa mai kuɗi zai iya yi, amma fatar kujerar da direban farko ya zauna a kai, in an cire ta shi ke nan. A 2024, a gasar Pebble Beach ta Amurka, wadda motoci masu sabon gyara suka saba lashewa, babbar kyautar ta tafi ga wata Bugatti Type 59 ta 1934 da Sarki Leopold na Uku na Beljiyam ya taɓa mallaka, da tsohon fentinta da duk tabon da ke jikinta.