Tsofaffin Makabartun Ƙasar Katagum

Duk wanda ya tashi a Gadau ko ƙauyukan da ke kewaye da Azare ya san tsohuwar makabarta ba ta da allo, ba ta da suna. Tudun ƙasa ne da fasassun tukwane, sai ƙaya da aka jibga don kada kura ta tone. Ana hana yaro nuna kabari da yatsa, ana tsorata shi da fatalwa in magariba ta yi. Malamai sun ce camfi ne, kuma gaskiyarsu. Amma wannan tsoron ya daɗe yana tare makiyayi da mai garma daga shiga hurumin mamata.

Al'adar kare kabari tsohuwa ce a ƙasar nan. A watan Janairun 1824 wani likita Bature, Walter Oudney, ya rasu a Murmur kusa da Katagum, kan hanyarsa daga Kukawa zuwa Kano. Abokin tafiyarsa Clapperton ya sa aka kewaye kabarin da katangar ƙasa saboda namun dawa, aka yanka tumaki biyu aka raba wa mabuƙata. Ka ji baƙo ma ya bi tsarin masu gari, katanga da sadaka.

To amma katangar ƙasa damina nawa take gani? Malam Zaki, wanda ya kafa masarautar, ya rasu a 1814, kuma sunansa ba zai ɓata ba don shi sarki ne. Talakawan da suka bi shi fa? Da aka mayar da gadon sarauta Azare a 1916, jama'a da yawa suka bi sarki, suka bar iyayensu kwance a baya. Haka kowane kufai yake: rijiya ta rufta, kuka tana tsaye, wajen kabarin kuwa yana bakin dattijo ɗaya ko biyu. Ranar da aka yi musu sadakar arba'in, shi ke nan, wurin ya zama gona ko fuloti.

Mu da muke nesa da gida abin ya fi shafa. In ka je Sallah, ka zauna da tsohon gidanku ya nuna maka inda kakanni suke, ka rubuta. In da hali, a haɗa kuɗi a kewaye wurin.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya kyautata namu zuwan, amin.