Gwama Waƙa da Ƙagaggen Labari a Ajin Sakandare: Misali Daga Mafara, Bakura da Maradun

Manhajar Hausa ta babbar sakandare ta kasa adabi gida biyu: na baka da rubutacce. Shi kuma rubutaccen ya rabu zuwa zube, waƙa da wasan kwaikwayo, kuma a kan haka hukumomin WAEC da NECO suke tsara tambayoyinsu. Wannan rabo yana sauƙaƙa koyarwa, amma yakan sa ɗalibi ya ɗauka babu abin da ya haɗa mawaƙi da marubucin labari. Gwama su a darasi guda shi ne ɗora waƙa da littafi kafaɗa da kafaɗa, a auna su da ma'auni ɗaya: jigo, salo, da zubi da tsari.

Taskar da ke yankin

Yammacin Jihar Zamfara gida ne na kiɗan fada. Alhaji Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, haifaffen ƙasar Bakura ne da ya yi suna a Maradun. Gidansu ya gaji kiɗan noma kafin shi ya shahara da kotso, har ya yi wa Sardauna Ahmadu Bello waƙa. Sa'idu Faru kuwa ya waƙe Sarkin Kudu Muhammadu Macciɗo, wanda ya riƙe hakimcin Talata Mafara kafin ya zama Sarkin Musulmi a 1996. Ɗalibin wannan yanki yakan zo aji da waɗannan waƙoƙi a kunnensa, da irin karin harshen da ya tashi da shi. Abin da ya rage shi ne a nuna masa cewa su ma abin nazari ne.

Misalan gwami

Gandoki na Bello Kagara, ɗaya daga littattafan gasar 1933, ya ginu ne a kan jarumtaka da kirari. Idan aka ajiye shi kusa da waƙar fada, ɗalibi zai ga yadda zuga da kambamawa suke aiki a wurare biyu: makaɗi yana kambama ubangidansa, jarumin littafi kuwa yana kambama kansa. Haka nan Kitsen Rogo na Abdulƙadir Ɗangambo, mai gargaɗi kan barin ƙauye zuwa birni, ya dace da waƙoƙin noma masu yabon manomi da zambar raggo. Saƙon ɗaya ne, hanyar isar da shi ce ta bambanta.

Matakan darasi

Malami yakan fara da sauraren waƙar, domin kiɗa da amshi ba sa fitowa a takarda. Sai a karanta babin da aka zaɓa. Daga nan ɗalibai su fitar da jigon kowanne, su zaƙulo kamance, jinsintarwa da karin magana, sannan su bayyana abin da waƙa ta dunƙule a ɗiya guda wanda labari ya shimfiɗa a shafuka.

Abin lura

Kamancin jigo ba ya share bambancin tsari. Waƙar baka tana tafiya da gindi da ɗiya, rubutacciya da baiti da amsa-amo, labari kuwa da taurari da warwarar zare. Gwamin da ya manta da wannan yakan bar ɗalibi da ruɗu a ɗakin jarrabawa.