Daga Sirdi Zuwa Kujerar Mota: Tarihin Jijjiga a Hanyar Rai Buba

Tun da Arɗo Buba Njidda ya kafa masarautar Rai Buba a arewacin Kamaru wajen shekarar 1804, ƙarfinta ya dogara ne ga dawakai. Barden da ya yini a kan sirdi ya san cewa gajiyar tafiya ba daga nisa kaɗai take zuwa ba. Sassarfa takan fi sukuwa wahalar da ƙugu, ko da yake sukuwa ta fi sauri. Maganinsa kuwa yana ƙafarsa: yakan taka likkafa ya ɗan ɗaga jiki, gwiwoyi su shanye bugun kafin ya kai gadon baya.

Zuwan mota a ƙarni na 20 ya raba matafiyi da wannan dabara. Wanda ya bar kwaltar Garwa zuwa Ngaundare ya kama hanyar burji ta Rai Buba zaune yake, ba shi da likkafa, saboda haka duk gargadar hanya ta kujera take shiga ƙashin bayansa.

Masana sun daɗe suna neman ma'aunin wannan jin. A 1931 Reiher da Meister, a ƙasar Jamus, suka ɗora mutane a kan dandamali mai girgiza, suna tambayarsu lokacin da suka fara jin motsin da lokacin da ya dame su. Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa jiki ba ya auna ƙarfin jijjiga shi kaɗai. Yana lura da yawan maimaituwarta da kuma inda ta nufa. Mai zaune ya fi jin jijjigar sama da ƙasa idan tana maimaituwa sau 4 zuwa 8 a daƙiƙa guda, domin a nan ne gangar jiki da kayan ciki suke amsa motsin har su ƙara shi. Ta gefe kuwa ta fi damunsa a sau 1 zuwa 2. Lilo mai nawa, wanda bai kai sau ɗaya a daƙiƙa biyu ba, shi ke kawo tashin zuciya.

A 1974, shekarar da jirgin ƙasa ya iso Ngaundare daga Yawunde, aka fitar da ƙa'idar ISO 2631 a kan wannan ilimi, aka sabunta ta a 1997. Tarayyar Turai ta kafa doka a 2002 da ta iyakance jijjigar da ma'aikaci zai sha cikin awa 8.

Amfanin wannan tarihi yana ga direbobin manyan motoci da 'yan acaɓa, waɗanda shekarun zama a kan jijjiga kan bar su da ciwon baya. Kujera mai taushi ba lallai ta kāre su ba, domin idan lilonta ya dace da na jiki, ƙara bugun take yi. Rage gudu a gargada da sauka a miƙe ƙafa lokaci-lokaci su ne suka maye musu gurbin likkafar barde.