Rawar Iyaye da Dangi Wajen Farfaɗowar Mai Shaye-shaye a Arewacin Nijeriya

Tsakure

Wannan maƙala ta auna sakamakon binciken masana halayyar ɗan Adam da tsarin gidan Bahaushe, domin nuna cewa iyali ne ke yanke kusan kowace shawara game da jinyar mai shaye-shaye, kuma salon da suka bi da shi yana tasiri a kan warkewarsa fiye da tsananin matakin da suka ɗauka.

Gida a matsayin wurin jinya

Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019, ya ƙiyasta cewa 'yan Nijeriya miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da ƙwaya a cikin shekara guda, kuma ɗaya cikin huɗu daga cikinsu mace ce. Kimanin ɗaya cikin biyar ya kai matakin kamu, wato halin da jiki da ƙwaƙwalwa suka saba da ƙwayar har mutum ya kasa dainawa ko da yana ganin illarta ƙiri-ƙiri. Asibitocin ƙwaƙwalwa na Barnawa da Kware da Maiduguri da Dawanau, ko da an haɗa su da cibiyoyin hukumar NDLEA, ba za su ɗauki wannan adadi ba, don haka mafi yawan jinyar a tsakar gida ake yin ta.

Abin da iyali ke fara yi galibi shi ne rufin asiri, musamman idan budurwa ce ko matar aure ta faɗa wa kodin, domin tsoron kada labarin ya fita ya hana ta miji ko ya shafi ƙannenta. Daga nan sai nasiha da addu'a, sai duka, idan abin ya ci tura sai gidan mari. A watan Satumba na 2019 'yan sanda sun kuɓutar da fiye da mutum 300 daga wani gida irin wannan a Rigasa ta Kaduna, da yawansu da mari a ƙafa, kuma a watan da ya biyo baya aka gano makamancinsa a Daura. Iyaye ne suka kai yawancinsu, suna kuma biyan kuɗi, abin da ya fi nuna rashin mafita a kan rashin tausayi. Sai dai ɗauri yana hana shan ƙwaya ne kawai na ɗan lokaci, ba ya taɓa dalilin shan, kuma ga mai shan tiramadol ko kodin akwai ƙarin haɗari, domin juriyar jikinsa tana raguwa a lokacin tsarewa, ta yadda adadin da ya saba sha a da zai iya halaka shi ranar da ya koma. Dabarar yi masa aure don ya natsu ma ba ta tsira ba, tunda ɗora jinyar take yi a kan yarinyar da sau da yawa ba a gaya mata gaskiya ba.

Abin da bincike ya nuna

Jim Orford da abokan aikinsa a Ingila sun lura cewa dangin mai shaye-shaye kan bi ɗaya daga hanyoyi uku: su yi fito-na-fito da matsalar, ko su haƙura suna biya masa bashi suna ɓoye laifinsa, ko su janye jiki. Robert Meyers na Jami'ar New Mexico da ke Amurka ya tsara wata hanya mai suna CRAFT, wadda ke koya wa ɗan uwa ya nuna kulawa a lokacin da majinyaci ke cikin hayyacinsa, ya daina kare shi daga sakamakon aikinsa idan ya sha, sannan ya jira lokacin da ya dace ya kawo maganar asibiti. A wani gwaji da aka wallafa a 1999 kan mashaya giya da suka ƙi neman magani, kashi 64 cikin ɗari na waɗanda danginsu suka bi wannan hanya sun shiga jinya, alhali kashi 30 ne kawai suka shiga ta hanyar taron dangi a titsiye mutum. Gwajin a kan giya aka yi shi, kuma a cikin ƙananan iyalai, amma darasinsa game da titsiye ya shafi kowane gida.

Babban gidan Bahaushe yana da wata dama da ƙaramin iyali ba shi da ita. Kunyar ɗan fari takan hana uwa zama da ɗanta su yi doguwar magana, kwarjinin uba kuma yakan mayar da hira umarni, amma kawu da gwaggo, da kaka wadda wasa ya halatta tsakaninta da jika, suna iya jin abin da ba zai taɓa faɗa wa mahaifi ba. Yawan jama'ar kuma yana da nasa cikas, domin a gidan da 'yan ubanci ya yi ƙarfi, shaye-shayen yaro kan zama abin gori tsakanin ɗakuna, kuma bincike kan yanayin gida ya daɗe da nuna cewa yawan suka da tsangwama na ƙara yiwuwar komawa ruwa.

Wannan komawa ita ce inda iyaye suka fi karaya. Masana sun ƙiyasta cewa kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa magani kan sake sha, adadin da bai yi nisa da na masu hawan jini da ke sakin maganinsu ba, amma uban da aka ce masa ɗansa ya warke yakan ɗauki tuntuɓen farko a matsayin cin amana, har ya kai ga cewa ya sallama shi. Yaron da aka kora kuwa ba shi da wurin zuwa sai majalisar da ya koyi sha. Saboda haka ya kamata ma'aikatan jinya su shirya iyali tun kafin sallama: wa zai riƙe kuɗin majinyaci, wa zai raka shi ganin likita, wace sana'a zai kama, me za a yi ranar da ya zame. Ya kuma dace su gayyato ɗan uwan da majinyaci ke jin maganarsa, wanda ba lallai ne ya zama mai biyan kuɗin asibiti ba, su kuma duba lafiyar uwar, wadda rashin barci da fargaba kan kwantar da ita tun kafin ɗan ya samu sauƙi.