Tsirran Asali a Lambunan Morris Heights

Tsirran asali su ne waɗanda suka tsiro a wuri da kansu tun kafin mutane su kawo iri daga wata ƙasa. Ƙwari da tsuntsayen wurin da su suka saba, a jikinsu suke samun abinci. A gida kuka da ɗorawa na asali ne, darbejiya kuwa baƙuwa ce daga Indiya.

Misalin da ya fi fitowa fili a New York shi ne milkwid, ɗan uwan tumfafiya, mai farin ruwa irin nata. Tsutsar malam-buɗe-littafin da ake kira monak ganyensa kaɗai take ci. Monak ɗin kan yi ƙaura zuwa Meziko duk kaka, don haka inda babu milkwid ba ya barin baya. Goldinrod da asta kuma suna fure daga ƙarshen Agusta zuwa Oktoba, lokacin da ƙudan zuma ke rasa sauran furanni.

Baƙon tsiro na iya jawo ɓarna. Bishiyar ailantus da aka kawo daga Sin ta cika kangaye da gefen layin dogo a Bronx. Ita ce kuma abin son wani ƙwaro mai ɗigo-ɗigo a fuka-fuki da ya ɓulla a birnin a 2020, wanda ke lalata inabi.

Mafi yawanmu a Morris Heights a gidajen bene muke, ba fili. Hanya ita ce lambunan unguwa na shirin GreenThumb, wanda aka kafa a 1978, yanzu yana da lambuna sama da 500. Shirin Bronx Green-Up na Lambun Tsirrai na New York yana koyar da masu lambu tun 1988. Wanda ke son ganin tsirran da idonsa, lambun ya buɗe sabon sashen tsirran asali a 2013.

Mai shirin shuka ya kiyaye abu uku. Ƙasar birnin takan ƙunshi gubar dalma, saboda haka kayan miya irin su yakuwa da kuɓewa a shuka su cikin akwatin katako da ƙasa mai tsabta, a ba tsirran asali gefe. Kada a fesa maganin ƙwari. Doka kuma ta hana ajiye tukwanen shuka a matakalar tsira daga gobara.

Iyayenmu sun san noma tun daga gida, matasa sun san hanyar rajista a intanet. In aka haɗa hannu, ko fegi ɗaya ya isa a fara.