Yadda Aka Ƙidaya Lambatun Birnin Faris

A birnin Faris na ƙasar Faransa, tun shekarar 1370 aka gina lambatu na farko mai rufi, watau hanyar ruwan ƙazanta ta ƙarƙashin ƙasa. Masu mulki suka riƙa ƙarawa, kowa ya haƙa nasa ya rufe, babu mai rubutawa. Aka wayi gari hukuma ba ta san tsawon abin da ta mallaka ba, balle inda ya tsage. Ba a tunawa da lambatu sai ya toshe ya yi ambaliya a kan titi.

A 1805, zamanin Napoleon, wani mai duba ayyukan birnin, sunansa Bruneseau, ya nemi izini ya shiga da kansa. Ya shekara 7 yana bin ramukan nan da ma'aikata da fitilu, ana kwashe laka, ana awo, ana gyaran inda ya rushe, har ya fitar da taswira a 1812. Aikin nan bai yi suna kamar yaƙe-yaƙen sarkinsa ba, amma daidai ya ke da na Ma'aji ran da ya fara ƙidayar baitulmali: sai an san abin da ke ciki kana a yi kasafi.

Ƙidaya kaɗai ba ta wadatar ba, gama lambatun sun yi wa birnin kaɗan. A 1832 annobar kwalara ta kashe mutum wajen 18,000.

Sa'an nan aka sami injiniya Belgrand, wanda ya riƙe aikin ruwa a ƙarƙashin Haussmann, hakimin birnin. Dabararsa ita ce a gina lambatu da tsawo yadda mutum zai yi tafiya a ciki, don a iya duba shi kullum ba sai an fasa titi ba. Ya rataya bututun ruwan sha a jikin bangon, ashe zagaye guda ya isa a duba abu biyu. Aka kafa alluna masu sunan titin da ke bisa, don in ma'aikaci ya ga tsaga ya faɗi wurinta sosai. Inda bututu ya bi ƙarƙashin kogin Sen kuwa, sai a saka ƙatuwar ƙwallon katako, ruwa ya tura ta, ita kuma ta kora yashi gaba.

Ya rasu a 1878, ya bar lambatu wajen mil 370. A 1894 doka ta tilasta wa masu gidaje su haɗa bayan-gidansu da su.